BABI NA HUƊU: CUTAR DA YARA DA SUNAN MAITA DA ISKOKI A ƘASAR RUNKA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayani a kan ma'anar maita da iskoki da kuma gurbin da suke da shi a tunanin Bahaushe. A wannan babi kuwa za a dubi yadda wannan imani yake taɓa rayuwar ƙananan yara, tare da mayar da hankali a kan ƙasar Runka. Runka gari ne da ke cikin Ƙaramar Hukumar Safana ta Jihar Katsina, yamma da Dutsin-ma, a bakin dajin Rugu, kuma ƙasar Batsari tana maƙwabtaka da yankin ta wajen arewa. Mazauna wurin Hausawa ne manoma da Fulani makiyaya, kuma abin da suka yi imani da shi game da mayu da iskoki bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, mafi yawan cutar da ake yi wa yaro ta wannan hanya ba da sunan ƙiyayya take zuwa ba, da sunan neman magani take zuwa. Haka kuma ba a kan kowane yaro take faɗawa ba, ta fi faɗawa a kan wanda ba shi da mai tsaya masa.

4.1 Bambancin Maye da Iska

Wajibi ne a fara rarrabe waɗannan abubuwa guda biyu, domin kowane da irin ɓarnar da yake jawowa. Maye mutum ne da ake zaune tare da shi, wanda aka yi imani yana da ƙanƙara a cikinsa, kuma da ita yake ganin kurwar mutane ya kama ya ci. Iska kuwa halitta ce ɓoyayya wadda ake cewa tana zaune a kuka ko tsamiya ko suri ko juji ko tsohuwar rijiya, takan kuma shafi mutum ko ta hau kansa. Masana irin su Tremearne (1914) da Greenberg (1946) sun yi rubutu mai yawa a kan iskokin Bahaushe, sannan Wall (1988), wanda ya yi bincikensa a ƙasar Malumfashi, ya nuna yadda mayu da iskoki da sammu suke cikin abubuwan da Bahaushe yake danganta cuta da su.

Ke nan idan aka ce yaro maye ne, an mayar da shi mai laifi. Idan kuwa aka ce iskoki ne suka taɓa shi, an ɗauke shi majinyaci. Na farko ana hukunta shi, na biyu ana yi masa magani. Sai dai kamar yadda za a gani a gaba, a jikin yaron sau da yawa ba a iya bambanta hukuncin da maganin.

4.2 Yaro a Matsayin Wanda Ake Zargi

A al'adar Bahaushe hanyoyin samun maita biyu ne, wato gado da saye. Ta gado ita ce ta shafi yara. An yi imani cewa a nonon uwa ake shan ta, saboda haka duk ɗan da mayya ta shayar ana ganin ya gada. Wanda ubansa kaɗai ne maye kuwa, ana cewa yana gani amma ba ya ci. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ƙwarai, domin ita ce take sa da zarar an zargi mace guda, an shafa wa 'ya'yanta da jikokinta na wajen mata baƙin fenti ke nan. Yaron da bai san komai ba sai ya wayi gari ba mai cin abinci a kwano ɗaya da shi, iyaye suna janye 'ya'yansu daga wasa da shi, idan ya ƙura wa wani ido a tofar da yawu a ce masa "kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa". Idan 'ya mace ce, zancen yakan biyo ta har lokacin aure, domin binciken asali da dangin miji suke yi bai wuce a kan irin waɗannan abubuwa ba.

Yadda zargin yake farawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani zai kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, a cikin sambatun ya ambaci sunan wani. Nan take sai a ce ya kama suna. Ba a cika tsayawa a lura cewa mai zafin zazzaɓi ba ya ambaton sunan baƙo ba, sai wanda ya saba gani kullum, kamar abokin wasansa ko yarinyar da take kawo talla gidan. Daga nan sai a jawo wanda aka ambata a tilasta masa ya tsallaka majinyacin, wani lokaci bayan an tuɓe shi a gaban jama'a, ko a sa shi ya kurkure baki a ba marar lafiya ruwan ya sha, wai don ya saki kurwar. Idan ya ƙi, a ce taurin kai irin na maye ne, a hau shi da duka. Idan ya amsa don ya tsira daga dukan, to ya yi wa kansa shaida. Idan majinyacin ya warke an tabbatar da cewa ya saki, idan ya mutu kuma an tabbatar da cewa ya cinye. Wato babu wata ƙofa da aka bar wa wanda ake zargi da zai fita ta cikinta yana mai gaskiya. Babban mutum ma yakan rasa ta cewa a irin wannan hali, balle yaro ɗan shekara takwas da taron manya ya kewaye.

Abin lura a nan shi ne irin yaran da zargin yake samu. Da wuya a ji an ce ɗan mai gari ko ɗan attajiri ko ɗan limami ya kama kurwar wani. Waɗanda ake nunawa su ne maraya, da agola, da ɗan riƙo, da ɗan da aka saki uwarsa ya zauna a hannun kishiya, da 'ya'yan baƙin da ba a san asalinsu ba. Hausawa na cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wanda ba shi da ita kuwa, ba miya kaɗai yake rasawa ba, har da bakin da zai musanta masa ƙazafi. Daɗin daɗawa, alamomin da ake kafa hujja da su, kamar yawan kallon mai cin abinci, da kwaɗayin nama, da jan ido, da yawon dare, da rashin son magana, duk siffofin yaro ne mai jin yunwa wanda ba a kula da shi.

A nan ya kamata a yi adalci ga al'adar. Korar yara daga gida da sunan maita bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa kamar yadda ya zama a wasu wurare ba. A Jihar Akwa Ibom abin ya yi ƙamari har sai da gwamnatin jihar ta sanya hukuncin zargin yaro da maita a cikin dokar kare haƙƙin yara ta shekarar 2008. A shekarar 2010 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya fitar da rahoto a kan yaran da ake zargi da maita a ƙasashen Afirka, inda ya nuna cewa marayu da naƙasassu da masu wata lalura su ne suka fi shiga wannan hali. Hatta a birnin Landan, a watan Fabrairu na shekarar 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 'yar asalin ƙasar Kwaddibuwa ta mutu saboda azabar masu riƙonta, waɗanda suka riƙa cewa aljanu ne a jikinta. A ƙasar Hausa tsofaffin mata ne zargin maita ya fi kamawa, yara kuma su sha ta dalilinsu. Inda yaron Bahaushe ya fi shan wuya shi ne ta ɗaya ɓangaren, wato na iskoki.

4.3 Yaro a Matsayin Majinyaci

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Duk cutar da ta zo farat ɗaya, ko ta sauya kamannin yaro, ko ta ƙi jin saƙe-saƙi da jiƙe-jiƙe, akan nemo mata dalili a wajen mutanen ɓoye. Sunayen wasu cututtukan ma sun isa shaida. Alal misali, shan inna ya samo sunansa ne daga Inna, wato Doguwa, wadda aka yi imani ita take shanye ƙafar yaro. Da allurar rigakafi ta wadata sai cutar ta ja baya, har a watan Agusta na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka. Sunan dai yana nan a bakin mutane.

Farfaɗiya ita ce ta fi kowace jawo wa yaro wulaƙanci. Idan ta tashi yaro yakan yanke jiki ya faɗi, ya sandare, ya riƙa jijjiga, kumfa na fita a bakinsa, idanu su juye. Wanda bai san cewa wannan rikicewar aikin ƙwaƙwalwa ce ba, dole ya ce bugun iska ne. Sannan ga wani imanin da ya ƙara dagula lamarin, cewa ana ɗaukar cutar ta hanyar yawun mai ita. Saboda haka a daidai lokacin da yaro ya fi buƙatar a riƙe shi sai kowa ya watse, shi ya sa ake yawan ganin masu farfaɗiya da tabon ƙuna, domin sun faɗa murhu ba wanda ya janye su. Akan ware musu kwano da tabarma, a cire su daga makaranta. Alhali farfaɗiya ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba tare da tana tashi ba in sun sami maganin da ya dace suna sha a kan kari. Ban da farfaɗiya, zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau, su ma suna sa yaro jijjiga da fita hayyacinsa. Waɗannan biyu kuwa ba su jira. Kwana biyun da aka ɓata ana turare a ɗaki sun isa su raba yaro da ransa, ko su bar shi kurma.

Matakan da akan ɗauka don fitar da iska sun haɗa da hayaƙi, da ɗura, da shaƙe, da duka. Akan lulluɓe yaro da zane a kan kaskon garwashi da aka zuba wa turare, wani lokaci har da barkono, a danne shi kada ya fito. Akan cusa masa cokali ko tsinke a baki yana cikin jijjiga har haƙori ya karye, ko a ɗura masa jiƙo alhali ba ya iya haɗiya, ruwan ya wuce huhu. Game da duka kuwa, hujjar da ake bayarwa ita ce wai ba yaron ne yake jin zafin ba, aljanin ne. Don haka idan ya yi kuka sai a ce aljani ne yake kuka, idan ya roƙi a bari sai a ce aljani ne yake yaudara, a ƙara masa. Wannan hujja ita ce mafi haɗari a cikin al'amarin baki ɗaya, domin ta toshe hanya ɗaya tak da yaro yake da ita ta sanar da manya cewa ana cutar da shi. Shatar bulala dai a bayan yaron take kwana.

Ba bokaye da 'yan bori kaɗai suke wannan aiki ba. Tun daga shekarar 1995, lokacin da ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa, abin da aka danganta da wata aljana mai suna Sumbuka, sana'ar ruƙiyya ta bunƙasa a ƙasar Hausa, kamar yadda O'Brien (2001) ta yi nazari. Ruƙiyya a asalinta karatun Alƙur'ani ne da addu'a, kuma babu mai jayayya da wannan. Amma da ta zama hanyar neman abinci sai wasu suka shigar da tsumagiya da shaƙe wuya a ciki, suka mayar da ita girka da rawani.

Akwai kuma wanda ake kira ɗan ruwa. Shi ne yaron da ya wuce lokacin zama ko rarrafe bai yi ba, wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya saki, yana dalalar da yawu, wani kuma kansa ya yi girma fiye da kima. Akan ce ba mutum ba ne, aljanu ne suka musanya shi tun yana ciki ko ranar da uwar ta bar shi shi kaɗai a ɗaki. Maganin da al'ada ta tanada shi ne a kai shi bakin rafi ko gindin wata itaciya a ajiye a koma gefe, wai zai rikiɗa ya zama maciji ya shige ruwa. Duk mai ba da wannan labari cewa yake yi an ce, ba a samun wanda zai ce da idonsa ya gani. A likitance kuwa irin wannan yaro ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni, galibi saboda doguwar naƙuda, ko shawarar da ta kama shi a makon haihuwa, ko sanƙarau. A yankin da mata da yawa suke haihuwa a gida ba tare da ƙwararriyar ungozoma ba, dole a sami irin waɗannan yara. Ko da ba a kai shi rafi ba, kiran sa ɗan ruwa kaɗai ya isa ya sa a daina wahala a kansa, a bar shi a ƙuryar ɗaki, tunda an riga an cire shi daga cikin 'yan Adam.

Ɗan wabi shi ma yana da nasa rabon. Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, akan ce yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa. Don a hana shi komawa sai a yi masa tsaga ta daban, a raɗa masa suna na nuna halin ko-in-kula kamar Ajuji ko Ayashe ko Ajefas. Niyyar dai ta ƙauna ce. Amma ɗaya daga cikin dalilan da suke sa 'ya'yan ɗaki guda su riƙa mutuwa a jere shi ne amosanin jini, wato sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da irin wannan jini, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar kowace shekara. Gwajin jini kafin aure shi ne abin da zai amfani irin wannan gida.

4.4 Gidan Mari

Idan magani ya ƙi ci a gida, ko yaro ya girma ya fi ƙarfin masu riƙe shi, mataki na gaba shi ne turu ko mari. A watan Oktoba na shekarar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum 67 daga wani gidan mari a garin Daura, cikinsu har da ƙananan yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A cikin watan kuma aka rufe wani a birnin Katsina, bayan wanda aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba. Waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje sun haɗa da kangararru da masu shaye-shaye da masu taɓin hankalin da ake dangantawa da aljanu, kuma iyaye ne da kansu suke kai su, har su riƙa biyan kuɗi. Wani lokaci ma ba a zuwa ko'ina. A watan Agusta na shekarar 2020 an gano wani yaro ɗan kimanin shekara 10 a Birnin Kebbi wanda aka ɗaure a turken dabbobi na gidansu har wajen shekara biyu. Mahaifiyarsa ta rasu.

4.5 Tasirin Rashin Tsaro

Ba za a fahimci halin da yaran ƙasar Runka suke ciki ba sai an haɗa da matsalar 'yan bindigar daji, wadda ta addabi ƙananan hukumomin da suke bakin dajin Rugu, irin su Safana da Batsari da Jibiya da Ɗanmusa. A watan Fabrairu na shekarar 2020 kaɗai an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Kowane hari irin wannan yana barin marayu da zawarawa, yana kuma tura mutane gudun hijira zuwa garuruwan da ba a san asalinsu ba. Wato yana ƙara yawan ainihin mutanen da aka nuna a 4.2 cewa su zargi yake kamawa.

Sannan yaron da aka kashe ubansa a gabansa, ko ya kwana a daji yana gudu, yakan dawo yana firgita cikin barci, yana fitsarin kwance, ko ya daina magana ɗungurungum. A idon mutanen gida wannan gamo ya yi a daji. Haka nan rashin zuwa gona ya kawo yunwa, yunwa ta kawo tamowa. Yaro mai tamowa yakan rame har ya koma kamar tsoho, ko ya kumbura gashinsa ya yi ja, kuma wannan ita ce siffar da aka saba cewa ta wanda maye ya kama ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar 2025. Uwar da ɗanta ya fara jijjiga da tsakar dare a ƙauyen da ba mai iya hawa hanya sai gari ya waye, ba za a ce mata jahila ba don ta buga ƙofar mai magani na unguwarsu. Shi ne kaɗai likitan da take iya kaiwa gare shi.

4.6 Matsayin Addini da Doka

Musulunci ya tabbatar da samuwar aljanu, har akwai sura guda da sunansu, ya kuma tabbatar da sihiri da kambun baka. Amma bai ba kowa izinin ya tuhumi wani da cin kurwa bisa sambatun majinyaci ba. Suratul Hujurati ta yi hani ga mummunan zato, Suratud Duha da Suratul Ma'un kuma sun yi kashedi a kan wulaƙanta maraya. Malamai sun haɗu a kan cewa yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi, to ina hujjar yi masa hukuncin da ko baligi ba a yi wa sai da shaidu? Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar nan mai farfaɗiya da ta kawo kukanta wurin Annabi (SAW). Bai sa a doke ta ko a guje ta ba, ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya tashi.

Ta fuskar doka ma ba a bar abin haka ba. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa wadda ta fara aiki a shekarar 1960, wato Final Kot, a sashe na 216 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa. Nijeriya ta yi dokar kare haƙƙin yara a shekarar 2003, Jihar Katsina kuma ta sami tata dokar kare yara a ƙarshen shekarar 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A watan Yuli na shekarar 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na yin tir da cutar da mutane bisa zargin maita, sannan a watan Janairu na shekarar 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Matsalar ita ce doka ba ta motsawa sai an kai ƙara, yaro kuwa ba ya kai ƙara. Wanda ya kamata ya kai a madadinsa, wato uba ko kawu ko mai riƙo, sau da yawa shi ne ya danne masa ƙafafu a lokacin da ake yi masa hayaƙin. Maƙwabta kuma suna ganin sha'anin gidan wani ne, ko suna tsoron kada a ce suna kare maye don su ma nasu ne. A ƙauyukan ƙasar Runka maganar maita ko ta iskoki takan fara isa kunnen mai unguwa da liman da ungozoma da malamin makarantar allo tun kafin ta isa ofishin 'yan sanda na Safana, kuma mafi yawanta a hannunsu take ƙarewa.